Auren Katifa da Dabino

Kafin in zauna a Jidda, da wani ya ce min ana sayar da iska da kilo, da na ce 'yan'uwansa su kai shi a duba masa kai. Sai ga shi ni Rabi, da hankalina da takardar aikin jinya a jaka, na tsaya a gaban sikeli ina rigima a kan farashin iska har muryata ta dushe.

Bari in faro daga inda aka sauke ni. Ejan ɗin da ya yi min hanya a Kano ya rantse min babban asibiti za a kai ni, har hoton ginin ya nuna min a waya, gilashi tun daga ƙasa har sama. Na ga ginin kuwa, ta tagar mota. Direban bai ko rage gudu ba, ya wuce da ni unguwar Bani Malik ya ajiye ni a wani bene mai warin soyayyar albasa. A nan na gane aikin da na zo yi. Wani kamfani ne mai tura masu jinya gidajen mutane, su kula da tsofaffin da suka kwanta. Na kira ejan, ya ce, "Haba Sista, ai duk jinya ce." Tun daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma fa ban ce na yafe ba.

Ɗaki ɗaya muke da 'yar Filifin da 'yar Indiya da 'yar Yuganda, kowa na kukan gida da yarenta. 'Yar Filifin ɗin ce ta koya min Larabcin farko: yalla, wato mu je, halas, wato shi ke nan, da bukra, wato gobe, kalmar da duk wanda ba zai yi maka abu ba yake ba ka. Ita ta fahimtar da ni cewa kamfanin nan shi ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya min, sunansa ne a kan iƙamata, takardar izinin zama, kuma hutu sai kwantiragi ya cika. Ni da ko a Gusau ba a taka ni in yi shiru, sai ga ni na koyi cewa "hadir", wato an gama ranka ya daɗe, da murmushi. Abin da ya fi damuna a watannin farko ba zafin garin ba ne, miyar kuka ce. Har mafarkinta nake yi, in farka ina haɗiyar yawu.

Gidan da aka tura ni wata tsohuwa ce a ciki, kowa na ce mata Sitti. Ta yi shekara da shekaru a kwance. Aikina in juya ta dama, in juya ta hagu, in shafa mata mai, in duba diddigenta da ƙugunta da kafaɗunta kada fata ta gaji da kwanciya ta fashe. Ba yabon kai ba, duk zaman da na yi da ita ko ja fatarta ba ta yi ba. Ta kan riƙe hannuna ta ce, "Ya Rabi'a, hannunki sanyi gare shi."

Ban cika shekara ba Yaya Lawali, wana, ya kira ya ce Inna ta yanke jiki ta faɗi tana alwala. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka sallamo ta daga asibiti, ta dawo ɗakinta, kan tsohuwar katifarta ta auduga, jinya ta koma hannun Hajara matar Yaya. Hajara ta yi iya yinta, Allah ya saka mata, amma ga yara ga girki ga ɗinkin da take yi. Wata rana ta turo min hoto ta ce, "Anti, duba min wannan, ya ƙi jin magani." Ina buɗewa na ce innalillahi. Gyambon kwanciya ne a ƙugun Inna, ya yi baki ya fara zurfi. Na san abin da nake kallo, na kuma san inda yake ƙarewa in ya ci ya kai ƙashi ya shiga jini.

Ranar a banɗakin mutane na shiga na kunna famfo na yi kuka. Ina nan ina juya uwar wasu kamar ƙwai, tawa tana can tana ruɓewa. In na ajiye aikin na tafi, na tafi ke nan, kuma albashin nan ne ke sayen maganinta.

Inna kuwa in na kira, ba ta taɓa cewa akwai ciwo. "Lafiya lau nike, ɗiyata," in ji ta. "Ni ka tada ladan ma yanzu." Sai a bayan fage Hajara ta gaya min gaskiya: ba ta barci sam, zugi ba ya barin ta. Ta san zakaran kowane gida a unguwar da muryarsa, ta san wanda ke fara cara da wanda ke lalaci.

Na koya wa Hajara wankin ciwon da juyi ta kiran bidiyo, amma na san muddin tana kan katifar nan, aikin banza muke yi. Yaya ya zaga Gusau. Abin da aka kawo masa soso ne na kowa da kowa, an dai sa masa riga mai ruwan asibiti. Akwai mai famfo wadda ake hura wa iska, ita kuma sai da wuta, wutar unguwarmu kuwa sai dai a ji labarinta.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Sitti rasuwa. Na yi kuka har 'yarta, wata malamar makaranta mai sanyin murya, ta ja ni gefe ta ce wannan kukan ba na mutum ɗaya ba ne. Da guntun Larabcina na gaya mata. Ta kama hannuna ta kai ni wani ɗaki. Sabuwar katifar jinya ce jingine da bango, ko ledarta ba a ɓare ba. Ta yi wa Sitti odarta, ta iso a makon da ta rasu. Irin wadda ba ta bukatar wuta ce, cikinta hawa-hawa, tana rarraba nauyin mai kwanciya kada wuri ɗaya ya danne. Ta ce, "Ki kai wa mahaifiyarki. Ki ce ta yi wa tawa addu'a."

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara.

A bayan layinmu akwai wani ɗan ƙasarmu mai harkar kargo, ana ce masa Na'Allah. Sunan dai da wani ya dace. Ya tarbe ni da "Hajiyata, 'yar gida," ya ɗora katifar a sikeli, allura da ƙyar ta motsa, ya faɗi kuɗi kaɗan. Na biya ina sa masa albarka. Ya ce bukra za ta tashi. Bukra ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Sai ga kiransa: "Hajiya, kayanki fa sun ci fili, sai kin ciko." Abin da ya ce in ciko ya ninka abin da na biya sau ban san adadi ba.

Na ce, "Fili? Fili na ce maka zan saya a Jidda?"

Ya ce, "Kuɗin iska ne, Hajiya, haka dokar take."

Ban tsaya canza abaya ba na isa shagon. Na tarar da katifar Inna shimfiɗe a ƙasa, ƙarti biyu zaune a kai suna shan shayi. Kai! Abin da na faɗa ranar ba zai rubutu ba. Na dai tuna na ce masa in iska yake sayarwa ya fita waje ya ɗiba, kyauta Allah ya bayar. Na janye katifata na fito da ita titi, ina ja tana ja na, mutane na kallo. Abin da na ba shi tun farko ya tafi ke nan.

Tasi ta ƙi ɗauka. Wani dattijo ɗan Fakistan mai ƙaramar motar ɗaukar kaya, irin wadda suke ce wa dabbab, shi ya tsaya. Ya ɗaure katifar da igiya a hankali kamar tasa, ya ji labarina rabi da baki rabi da hannu, ya girgiza kai. Ya ce akwai wani mutumin ƙasarmu a unguwar Ammariyya, shi ba ya cuta. Ya kai ni har ƙofa, na miƙa masa kuɗi ya ɗaga hannu sama ya ce in yi wa tasa uwar addu'a. Na ce a raina, addu'ar iyaye mata dai ta taru min a garin nan.

Mai wurin dattijo ne baƙi dogo, cikin farar jallabiya, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ammu Bakur ake ce masa. A Jidda aka haife shi, aka haifi ubansa, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, sai dai kowace jimla sai ta yi tuntuɓe da Larabci kafin ta kai ƙarshe. Bai ko kalli sikeli ba, ya zare tef ya hau auna katifar.

Na ce, "Baba, wurin kargo na zo ko wurin tela?"

Ya ce, "Zauna, ya binti, 'yata, ki sha ruwa. Daga ganin idonki an riga an taɓa ki."

Na zauna. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna kauri, sannan ya ɗora ta a sikeli. Ya ce, "Tayyara, jirgin sama ke nan, abu biyu take sayarwa, ƙarfinta da cikinta. Wani kaya ƙarfinta yake ci, wani cikinta. Mu nan kashi uku muke yi: akwai mai jiki, kamar ƙarfe da dabino da littattafai, ƙarami ne amma ya karya baya. Akwai mai iska, kamar bargo da kuloli da wannan taki, yaro ma ya ɗauka amma ta cika ɗaki. Akwai na tsakiya, shi ba ruwansa da rigima." Ya nuna min yadda ake yi: tsawo sau faɗi sau kauri da santimita, a raba da dubu shida, abin da ya fito shi ne nauyin fili. Sai a ajiye shi kusa da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi ake biya.

Ina jin haka sai tashar Gusau ta faɗo min. Na ce, "Af! Ai kamar mai ƙwarya ce a motar kasuwa. Kayanta ba nauyi, amma sai ta biya kujera biyu."

Ya tafa hannu. "Aiwa! Kin ga kin riga kin sani."

Ashe Na'Allah bai yi ƙarya a kan dokar ba. Ɓoye min ita ya yi sai da kayana suka shiga hannunsa, sannan ya ɗora nasa a kai. To amma gane gaskiya bai rage min komai ba, don abin da Ammu ya faɗa, duk da ya yi ƙasa da na wancan, ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Na tambayi jirgin ruwa, ya ce da sauƙi amma sai an yi watanni. Ciwon Inna ba zai jira watanni ba. Ya ce ko a matse ta da inji a zuƙe iskar, na ce a'a, irin wannan in aka naɗe ta cikinta ya karye, ta zama soson banza. Na juya ina kallon katifar, hawaye na neman kunyata ni a gaban mutane.

Ammu ya tambaye ni wane gari za ta. Na ce Gusau. Ya daɗe yana kallona yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ya binti, mushkilarki ɗaya ce, babu miji. Ki ba ni kwana kaɗan in yi miki aure. Ina da wani a hannu, mai nauyi, ɗan asali."

Jama'a, ni bazawara ce, kuma tun da na sauka garin nan babu irin tayin da ban ji ba, daga mai cewa zai gyara min iƙama zuwa mai cewa zai kai ni Madina. Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, da girmanka da furfurarka? Uwata na can kwance rai a hannun Allah, na zo da maganar katifa kana kawo min maganar miji? In mai nauyin ne ka ɗora shi a sikelinka ka aika shi Kano!"

Ammu ya buɗe baki, ya rufe, sai ya fashe da dariya har da tari. Ma'aikacinsa, wani Bayamane, ɗan ƙasar Yaman, ya tambayi abin da ya faru, ya fassara masa, shi ma ya riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye ina huci.

"La, la, ya binti, astagfirullah! Ba ke ba, katifa!"

Ashe a bakin masu kargon nan, aure shi ne a haɗa kaya mai iska da kaya mai jiki a takarda ɗaya. In an haɗa, sai a auna su tare a sikeli, a auna filinsu tare. Mai jiki yana da ragowar fili da bai ci ba, mai iska sai ta shige ciki. In nauyin sikeli ya rinjayi na fili, kowa nauyinsa na gaskiya zai biya, ba wanda zai biya iska. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce, "To Baba ai sai ka yi Hausa sosai." Ya ce Hausar ke nan, tasu ta Jidda.

Angon dabino ne. Na wata dattijuwa ne, Khala Asiya, a unguwar Hindawiyya, wadda duk shekara kafin azumi take aika katan-katan ƙasar Hausa sadaka ga mahaifiyarta da kakarta da suka rasu. Bara wanda ta ba amana ya karkatar da shi kasuwa ya sayar. Bana ta saya, don ba ta iya rashin saya, amma ya yi zaune a gidanta ta rasa hannun da za ta ba. Ammu ya ce kakarta 'yar wajen Zamfara ce, shi ya sa da na ce Gusau ya tuna ta. Sharaɗin kuwa, takarda ɗaya mai karɓa ɗaya, wato duk dabinon nan da sunan Yaya Lawali zai sauka. "Ita ba ragin ko sisi za ta samu ba," in ji shi. "Amana take nema. Ita ce uwar ango, sai kin je ta gan ki."

Ranar Juma'a da la'asar na shiga Hindawiyya. Lunguna ƙanana, tsofaffin gidaje, sai ga ƙamshin tsire, wanda su suke ce wa siriya. Wata mata a bakin ƙofa tana sayar da kuka da daddawa a leda. Na tsaya kamar wawuya ina shaƙa.

Khala Asiya gajeriya ce mai jiki, da ido kamar na alƙali. Jikokinta 'yan mata suka kawo gahawa da dabino, in na yi musu Hausa su gane sarai, su amsa min da Larabci suna dariya. Ita kuwa ta sa ni gaba. 'Yar wace ce ni? Me ubana yake yi kafin ya rasu? Wannan Lawalin yana salla a jam'i? Matansa nawa? Yana da bashi a kansa? Wallahi ko lokacin aurena na fari ba a yi wa danginmu irin wannan binciken ba. Na danne zuciyata na amsa, don na san an taɓa cutar ta, kuma na san zafin abin.

Can ta ce, "Kakata ta ce garinsu Katarkashi. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai sani ba, shi ya sa nake aikawa Kano kawai."

Na ce ban san shi ba, Khala. Fuskarta ta rufe. Ta ce, "Ta ce akwai dutse, kabir, babba, garin yana gindinsa. Ta ce mikiya na kwana a kansa."

Na ajiye kofin. "Kwatarkwashi?"

Ta matso kusa da ni. Ta ce, "Sake faɗa."

"Kwatarkwashi. Ai a kan hanyarmu yake, Khala. Duk motar da ta taso daga Kano za ta Gusau sai ta bi ta gindin dutsen nan."

"Sake faɗa, habibti."

Na sake. Ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta ce tun da tsohuwar ta rasu ba ta ƙara jin wanda ya faɗe shi daidai ba, su bakinsu ya riga ya karkace. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Ina! Ta gyara zama ta ce ita ba ta ba da ɗanta ba ta ga uwar amarya ba, a kira mata Inna.

Gabana ya faɗi, don Inna ba ta son baƙo ya gan ta a kwance. Hajara ta ɗaura mata kallabi ta riƙe mata wayar. Ta rame, bakinta ya ɗan karkace, goshinta duk gumin ciwo, amma sai da ta gaida Khala gaisuwa cikakkiya, gida da iyali da gajiya da ibada, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na yi mata bayanin auren, ta yi 'yar dariya da rabin baki. Ta ce, "Hajiya, in Lawali ya taɓa ƙwara guda ba da izininki ba, ki bar ni da shi. Hannu guda ya rage min, amma ya ishe shi."

Khala ta daɗe tana kallon fuskar nan a waya. Ba ta tambayi komai game da ciwon ba, ta gani da idonta. Ta ce, "Halas. An ba ku."

Ranar ɗaurin aure, haka Ammu ya kira ta, Khala da kanta ta zo Ammariyya a motar ɗanta da katan-katan a baya. Aka jera su a sikeli, aka ɗora katifa, Ammu ya zaga da tef yana danna na'urar lissafi. Sai na ga ya tsuke baki.

"Ango bai kai ba," in ji shi. "Amarya ta fi shi da kaɗan. Har yanzu fili ne a sama."

Kaɗan ɗin nan ma iska ce, kuma ni zan biya ta, ga shi na riga na tattara duk abin da nake da shi. Kafin in buɗe baki Khala ta juya ta yi wa ɗanta magana da Larabci. Ya fita ya dawo da wani katan da suka sayo don gidansu, ya dire a kan sikeli. Allura ta matsa. Ammu ya sake dannawa, ya ɗaga kai ya ce, "Mabruk, barka."

Na ce, "Khala, wannan fa na azuminku ne."

Ta harare ni. "Ke wace irin Bahaushiya ce? Ana aure ba sadaki? Wannan na Inna ne, Lawali ma ya ci."

Na biya nauyin katifa na gaskiya, ɗan abin da allura ta nuna tun ranar farko. Bayamanen nan ya naɗe su da leda yana guɗa irin ta ƙasarsu, Ammu ya ɗaga hannu aka shafa fatiha da gaske.

Jiran da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a zamana na Jidda. Kaya suka sauka Kano, aka riƙe su ana duba wannan ana duba wancan, Yaya na kwana a gidan abokinsa yana sintiri. Hajara kuwa ta daina turo min hoto, na kuma san dalili. Da aka sake su, Yaya ya tsaya a Kwatarkwashi ya damƙa dabinon a hannun limamin gari a gaban jama'a, ya ɗauki hoton katan-katan ɗin da dutsen a bayansu. Na tura wa Khala. Jikarta ta gaya min ta sumbaci wayar, ta sa an wanke hoton an rataye a falo.

Katifa ta isa gida. Inna ta ce ita ba za ta hau gadon Turawa ba, sai da Yaya ya ce mata amarya ce guda, ba a mayar da amarya. Aka ɗora ta tana mita. Kwana biyu ban ji komai ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Ina gidan sabon majinyacin da aka ba ni da hantsi, ina haɗa masa magani, sai ga kiran Hajara. Ba ta taɓa kira a irin wannan lokacin ba. Na ɗauka, na riga na fara salati. Sai na ji muryar Inna, da faɗa.

"Ke Rabi! Mi kika sa cikin katifar ga?"

Na ce, "Inna lafiya? Wani abu ta yi miki?"

"Ta yi min mana! Yau rana ta gan ni kwance. Ban ji ladan ba, ban ji zakaran gidan Malam ba, ban ji komi ba. Tun da nike ban taɓa makara asuba ba sai yau, kuma waɗannan sun zuba min ido sun ƙi tashe ni."

Ina jiyo Hajara a gefe tana cewa, "Anti, wa zai tashe ta? Har munshari fa take yi. Kuma bakin ciwon ya fara tsotsewa, anjima zan turo miki."

Na zame na zauna a ƙasan kicin ɗin mutane, ina dariya hawaye na zuba. Na ce, "Inna ki yi haƙuri, ki rama."

"Na rama mana, ke zan jira? Ki gaida min surukata, ki ce sadaki ya iso, da zaƙi. Ita ma mai katifar na yi wa uwarta addu'a." Ta ja numfashi. "Kuma tunda ke kika jawo, daga gobe ke za ki riƙa tashe ni."

Garin Jidda yana riga na Gusau wayewa. In ladan ya kira asuba a unguwarmu ta Gusau, ni a nan na riga na yi tawa, ina cikin motar kamfani a hanyar aiki. Sai in ciro waya in kira. Wani lokaci sai ta yi ta ƙara har ta kusa katsewa kafin in ji muryarta, cike da barci, tana cewa, "Na ji, na ji, ai na tashi."